Na'ura Ta Hango Majinyaci, To Wa Zai Taso?

Daga Wakilinmu na Arewa, Suleja

Akwai wata magana wadda kusan kowane ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya taɓa jin ta a waya, ya yi ajiyar zuciya, ya yi hamdala, ya koma bakin sana'arsa. Maganar ita ce, "An yi aiki lafiya." A kanta nake so mu ɗan zauna yau, domin kuwa na ga abin da ya sa na daina sakin jiki da ita.

A daminar da ta wuce haihuwa ta zo wa matar wani ɗan kawuna da gardama. Shi mijin yana can kasuwar Mil 12 a Ikko yana sayar da albasa. Aka kai ta wani asibitin kuɗi, likita ya duba ya ce sai an yi fiɗa. Mijin ya tattara abin da ke hannunsa, ya ranci ciko wurin abokan sana'a, ya turo ta waya a daren. Aka yi aiki, aka ciro yaro namiji, uwa da ɗa kowa lafiya. Bayan kwana huɗu aka sallamo ta.

A dare na biyu da dawowarta gida jikinta ya yi zafi. Tsofaffin gida suka ce ai zazzaɓin nono ne, babu mai jegon da ba ta yinsa, aka aika kemis aka sayo ƙwayar zazzaɓi. Wanshekare ciki ya ɗan kumbura, ta kasa cin abinci, aka ce a bari a yi suna tukuna a ga abin da hali zai yi. Duk wannan lokaci mijin yana bugo waya safe da yamma, amsar da ake ba shi ita ce, "Jiki da sauƙi." Ran suna da la'asar, gida cike da mata, mai jego ta kasa tashi, ɗinki ya fara zubar da ruwa mai wari. Aka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku aka mayar asibiti. Sai da aka sake buɗe ciki aka wanke, ta yi mako uku a kwance. Allah ya yi da sauran kwananta. Mijin kuwa sai da ya rufe sana'a ya taho, ya kashe fiye da ninkin abin da ya kashe da farko. Likitan ya ce masa da tun daren da zazzaɓin ya fara aka kawo ta, da abin bai kai haka ba.

Babu wanda ya yi wa baiwar Allan nan mugunta. Kowa a gidan yana sonta. Abin da aka rasa shi ne idon da ya san abin da yake gani, da kuma bakin da zai faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Kun dai san mu: Bahaushe ko yana gargarar mutuwa aka ce yaya jiki, sai ya ce da sauƙi.

BA GIDANMU KAƊAI BA NE

Kada mai karatu ya ɗauka wannan tsautsayin gida ɗaya ne. A watan Janairu na 2018 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon wani babban bincike da Farfesa Bruce Biccard na Jami'ar Cape Town ya jagoranta. An bi diddigin mutum 11,422 da aka yi wa tiyata a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya sami wata matsala bayan aiki, mutum 239 kuma suka rasu. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, kashi 94 daga cikin 100 na waɗanda suka rasu ba a ranar da aka yi musu aiki suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne. Watau sun tsallake wuƙar likita, sun farfaɗo daga allurar barci, an yi wa dangi albishir, sa'an nan abu ya lallaɓo ya ɗauke su a kan gado.

Har ila yau binciken ya nuna cewa majinyatan namu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarfin jiki, amma duk da haka haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka na sauran duniya sau biyu. Da aka ware matan da aka yi wa fiɗar haihuwa aka duba su dabam, sai aka tarar haɗarin da ke kansu ya ninka na matan ƙasashe masu arziki kamar sau 50. Masu binciken sun ce ba wai mun fi kowa samun matsala ba ne, a'a, in matsalar ta zo ne ba a ganewa da wuri, in ma an gane ba a ceto da wuri. A duniya baki ɗaya kuwa, wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 4.2 ke mutuwa kowace shekara cikin kwana 30 na bayan tiyata.

To, ashe dai ba a ɗakin fiɗa kaɗai gizo ke saƙar ba. Saƙarsa ta fi yawa a ɗakin kwanciya da tsakar dare, lokacin da nas ɗaya ke fama da majinyata masu yawa, da kuma a gida bayan sallama, inda babu nas ko ɗaya.

ABIN DA NA'URAR KE YI

Wannan ne ya sa likitocin wasu ƙasashe suka fito da dabarar sa ido a kan majinyaci daga nesa. Asalin dabarar ba wani abin mamaki ba ne. Jikin ɗan Adam ba ya faɗuwa farat ɗaya. In jini na zuba a ciki, ko ƙwayoyin cuta sun shiga rauni, ko huhu ya fara gazawa, sa'o'i da dama kafin mutum ya galabaita sai bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi sauri, zafin jiki ya hau, ko awon jini ya sauka. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya aunawa.

Saboda haka in za a sallami majinyaci sai a haɗa shi da ƙananan na'urori: ta awon jini, da ma'aunin zafin jiki, da wata 'yar ƙarama da ake maƙalawa a yatsa mai nuna bugun zuciya da yawan iskar da ke cikin jini. Akwai ma irin da ake ɗaurawa a damtse ko a manna a ƙirji, tana awo dare da rana ba tare da an taɓa ta ba. Duk abin da aka auna sai ya bi ta waya ya isa kwamfutar asibiti. Ita kuwa kwamfutar an riga an faɗa mata iyakar da bai kamata a ƙetare ba. Da zarar awon wani ya ƙetare, sai ta yi ƙararrawa, nas ta kira shi ta gan shi ya gan ta, in abin ya fi ƙarfinta ta haɗa shi da likita, a sauya magani ko a ce maza a kawo shi.

An gwada wannan a Kanada a 2020, lokacin da annobar korona ta cika asibitoci. Likitocin Jami'ar McMaster ne suka jagoranta, da majinyata 905 a asibitoci takwas. Rabi aka sallame su yadda aka saba, rabi kuma aka ba su na'urori na kwana 30, suna aika awonsu da hoton rauninsu, suna ganawa da nas ta allon kwamfuta. Da aka buga sakamako a 2021, gaskiya ita ce ba a ga wani bambancin a zo a gani ba wajen yawan kwanakin da mutum ya yi a gida da ransa. Amma an ga bambanci a wasu wurare. An gano kuskuren shan magani a wajen kusan kashi 30 daga cikin 100 na masu na'ura, alhali a ɗaya ɓangaren abin da aka gano bai kai kashi 6 ba, domin babu mai dubawa. Masu na'urar kuma sun fi samun sauƙin raɗaɗi. In a Kanada, inda kusan kowa ke iya karanta takardar magani, ana samun kuskure haka, to ina ga tsohuwar da aka miƙa wa ƙwayoyi iri huɗu a leda aka ce ta riƙa ba mai jego?

HANGEN DALA

Ra'ayina a nan shi ne wannan dabara tana da amfani a gare mu, mai yiwuwa ma fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta, domin mu ne ke da ƙarancin idanu. Na san akwai masu cewa ƙasar da majinyaci ke sayen auduga da safar hannu da kansa ina ita ina wannan ƙawa. Haka aka ce a 2001 da wayar salula ta shigo, lokacin da kuɗin layi ɗaya ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci na wata guda. Yau ga ta a hannun mai tura baro da mai tallan goro, da ita ma kuke turo kuɗin tiyatar.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dalilina kuwa shi ne wani bincike na biyu da su Farfesa Biccard suka yi, aka buga a 2021. A wannan karo asibitoci 332 na Afirka suka shiga, da majinyata fiye da 28,000. A rabin asibitocin aka ce a ƙara sa ido a kan majinyatan da suka fi shiga haɗari: a kwantar da su inda nas za ta riƙa hango su, a yawaita auna su, a bar dangi su zauna kusa da su, a maƙala takardar alamun haɗari a bakin gado. Da aka zo lissafi sai aka tarar mutuwa ba ta ragu ba, kashi 1.3 ne nan, kashi 1.3 ne can. Asibitoci da yawa ma sun kasa aiwatar da tsarin yadda aka so, saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki. Darasin a fili yake. Gani kaɗai ba ya ceton rai. Sai an sami wanda zai taso, da jinin da za a ƙara, da iskar da za a saka, da ɗakin fiɗa mai wuta a daren da ake bukatarsa.

Ga mu nan kuwa a ƙasar da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun fice cikin shekaru biyar, waɗanda suka rage kuma kimanin 55,000 ne ga al'umma fiye da miliyan 200. In aka sayo na'urori aka raba, ƙararrawa ta yi ta kuka a ofishin da babu kowa, an dai ƙara wa ɗan kwangila arziki, majinyaci kuwa yana nan inda yake. Abin da ya fi wannan muni, dangi za su saki jiki su ce ai asibiti na kallo.

Sai maganar wuta. Jihar Neja ce ke da madatsun ruwan Kainji da Shiroro da Zungeru, amma ɗan Suleja ya san sau nawa yake kai wayarsa wurin mai caji. Kuna kuma tune da watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Na'urar da za ta yi mana aiki sai ta zama mai riƙe caji, mai iya aika saƙo ko da intanet ya yi rauni.

Akwai kuma wani abin da bai kamata a ɓoye wa baƙar fata ba. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Mishigan a Amurka suka buga binciken da ya nuna cewa na'urar nan ta yatsa takan ruɗi likita a kan baƙaƙen fata, ta nuna iska ta wadata alhali ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa gare su kusan sau uku bisa ga farare. Dalili, da haske take aiki, fata mai duhu kuwa tana shanye haske. Jan farce da baƙin lalle ma sukan rikita ta. Saboda haka duk wanda zai sayo wa asibitocinmu, wajibi ne ya nemi wadda aka gwada a kan fata irin tamu.

Na ƙarshe shi ne sirri. Hoton cikin matar aure ba abin da za a bari yana yawo a wayar kowa ba ne. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. In ba a tabbatar wa magidanta cewa mace ce za ta ɗauki hoton, kuma ma'aikacin lafiya kaɗai zai gani ba, to shirin zai mutu tun a zaure.

ABIN DA YA DACE DA MU

Ba sai mun jira irin kayan Kanada ba. A gundumar Kirehe ta ƙasar Ruwanda an gwada wata hanya mai sauƙi. Ma'aikatan lafiya na ƙauye suna bin matan da aka yi wa fiɗar haihuwa har gida, su yi musu 'yan tambayoyi, su ɗauki hoton ɗinkin da waya su aika wa likita, shi kuma ya faɗi wadda za ta dawo asibiti da wadda za ta ci gaba da jego a ɗakinta. Mace ta huta da kuɗin mota da wahalar hanya, likita kuma bai rasa ganinta ba.

Me zai hana a gwada irin wannan a Suleja? Garin nan shi ya ba babban birnin Tarayya sunansa na Abuja bayan da aka ƙirƙiro birnin a 1976, ga shi a bakin hanyar Kaduna, jama'a ta cika shi maƙil saboda masu aiki a Abuja da ke kwana a nan. Ga Babban Asibitin Suleja, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja a Gwagwalada ba nisa, ga ƙananan asibitoci a unguwanni. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja da ta ware nas biyu ko uku waɗanda ba su da wani aiki sai bin sawun waɗanda aka sallama bayan tiyata, da lambar waya guda wadda ake ɗauka dare da rana. Ma'aikatan lafiya na Magajiya da Hashimi da Bagama da Kurmin Sarki a ba kowannensu jakar kayan awo da waya, ya leƙa majinyaci a rana ta biyu da ta huɗu da ta bakwai. In an ga amfanin wannan, sai a hau mataki na gaba, a kawo masu aika awo da kansu, a fara da ɗakunan kwanciya inda nas ɗaya ke gadin gadaje da yawa.

Gwamnatin Tarayya ta yi shelar fiɗar haihuwa kyauta ga mata marasa hali a watan Nuwamba na 2024, ga kuma dokar inshorar lafiya ta 2022. Madalla. Amma a sa kuɗin bin sawu a cikin lissafin. Wanda ya biya kuɗin shuka ya ƙi biyan na noma, ya san abin da zai girba.

NAKU AIKIN

Ku kuma 'yan'uwa na Sabon Badun da Agege da Idi Araba da Shagamu da Anacha, kafin gwamnati ta motsa akwai abin da ke hannunku. In an ce za a yi wa naka aiki, kada ka juye duk abin da kake da shi a kan kuɗin fiɗa. Ka ajiye wani abu a hannun amintacce a gida, na mota da na magani, domin sau da yawa rashin kuɗin komawa ne ke sa a ce a bari a gani.

Ka saya wa gida ma'aunin zafin jiki, in da hali har da na awon jini da na yatsa. Ka samu yaro ko yarinya mai ilmi a gidan ka ɗora masa aikin awo safe da yamma, ya rubuta a takarda, ya turo maka. In ka bugo waya ka daina tsayawa a kan yaya jiki. Ka tambaya nawa ma'auni ya nuna, ta ci abinci, ta yi fitsari, ɗinki a bushe yake? In zafi ya kai 38, ko zuciya tana bugawa fiye da sau 100 a minti ɗaya alhali mutum na kwance, ko numfashi ya yi sauri, ko iskar jini ta sauka ƙasa da 90, ko ciki ya kumbura, ko rauni ya yi ja yana zubar da ruwa, ko jini ya ɓalle, ko majinyaci ya fara sambatu, to babu jiran suna, babu jiran gari ya waye. Ko ma'auni bai nuna komai ba, in idon masu jinya ya ga mutum yana ƙara lalacewa, a kai shi. Kafin a bar asibiti kuma a nemi lambar wayar da za a kira, a sa nas ta bayyana yadda za a sha kowane magani, a kuma tambayi likita game da wankan jego kafin a ɗora tukunya a wuta.

Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na 'yan gari ɗaya da ke Kurmi sun saba haɗa kuɗin kai gawa gida, Allah ya saka musu da alheri. Ina roƙon sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin nan su duba, cikin abin da ake tarawa a ware kaɗan a sayi jakar kayan awo ko da biyu ce a ajiye a asibitin unguwa, duk wanda aka sallamo a ara masa na mako biyu ya dawo da ita. Kuɗinta bai kai na motar gawa daga Ikko zuwa Suleja ba.

Yaron nan da na ba ku labari yanzu ya fara zama, uwarsa tana goya shi tana surfe. Da uban zai koma Ikko na raka shi tasha, na ga ya tsaya a kemis ya sayi ma'aunin zafin jiki, ya ba ƙanwarsa 'yar sakandare, ya ce daga yau ita zai riƙa tambaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ku kuma ya dawo mana da ku gida da alheri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.